Ƙanjamau a jikin yara: matakan da iyaye za su bi tun daga goyon ciki har yaro ya mallaki hankalinsa

Babban mutum kan ɗauki ƙwayar cutar HIV, mai kawo ƙanjamau, ya shekara takwas ko goma yana harkokinsa bai san tana jikinsa ba. Jariri ba shi da wannan sararin. Garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, don haka ƙwayar tana hayayyafa a jininsa da saurin da ba ta yi a jikin manya. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka kafin magani ya wadata ya nuna cewa cikin jarirai uku da suka kamu, ɗaya ba ya cika shekara idan ba a ba shi magani ba, rabinsu kuma ba sa kai shekara biyu. Mace-macen sun fi tsanani a wata na biyu zuwa na uku da haihuwa, wato uwa ba ta daɗe da gama wankan jego ba.

Shi ya sa duk wanda ya ce a jira yaro ya nuna alama kafin a gwada shi, ya riga ya makara. Lamarin yara lamari ne na ranaku da aka ƙayyade, kuma yaro ba zai kai kansa asibiti ba, ba zai ba kansa magani ba. A 2023 yara kimanin miliyan 1.4 ’yan ƙasa da shekara 15 ne ke ɗauke da ƙwayar a duniya, amma kashi 57 cikin ɗari kawai ke shan magani, alhali a manya adadin ya kai kashi 77. Ba maganin yara ne babu ba. Manyan da ke riƙe da su ne ba su kai su ba, ko ba su sani ba, ko suna tsoron a sani.

Mataki na 1: Ku san ta inda take shiga

Kusan tara cikin goma na yaran da ke ɗauke da ita daga uwa suka samu, a ɗaya daga cikin lokuta uku: ana goyon ciki, ana naƙuda, ko ana shayarwa. Idan uwa ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 ne za su kamu. Idan tana sha yadda ya kamata, adadin yana faɗowa ƙasa da 5, kuma ga wadda maganin ya danne ƙwayar tun kafin ciki har yaye, da ƙyar ake samun ɗaya cikin ɗari. A nan ya kamata dangin miji su ji da kyau: cewa yaro ya samu daga uwa ba hujja ba ce ta ɗora mata laifi. Mata da yawa a ɗakin aurensu suka same ta, wasu daga mijin da ya rasu ba a san abin da ya kashe shi ba, wasu ta ƙarin jini.

Sauran hanyoyin ba su kai wannan yawa ba, amma a hannunmu suke. Akwai ƙarin jinin da ba a tantance ba, wanda ya fi shafar yara masu sikila da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini. Kada gaggawa ta sa a karɓi jini daga inda ba a gwada shi. Akwai allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa yaro da ita. Akwai askar wanzami: askin suna, cire beli, tsaga, kaciya, ƙaho. Idan za a yi aski ko kaciya, uba ya sayi sabuwar reza a buɗe ta a gabansa, ba abin kunya ba ne, kuma wanzamai da yawa yanzu da kansu suke nema. Cire beli kuwa barinsa ya fi yinsa, ko da babu maganar ƙanjamau. Sai tauna wa yaro abinci a ba shi, wanda idan mai taunawar tana ɗauke da ƙwayar kuma dasashinta na jini, ana iya kamuwa. Haka ba wa wata mata jariri ta shayar da shi ba a san matsayinta ba.

Sai fyaɗe. Idan ya faru, a kai yaro ko yarinya asibiti kafin awa 72 su cika, domin akwai maganin kariya da ake sha na kwana 28 wanda ke hana ƙwayar kama jiki. Zaman sulhu da kiran mai unguwa duk za su iya jira, wannan ba ya jira.

Sauro ba ya yaɗa ta. Cin tuwo a kwano ɗaya, shan ruwa a moɗa ɗaya, buta, masai, tabarma, goyo, runguma, wasan ƙasa da sauran yara, babu ɗaya da ke yaɗa ta. Wanda ya ware wa yaro kwanonsa daban bai kare kowa ba, ya dai karya masa zuciya.

Mataki na 2: Awo da gwaji, har da maigida

Da zarar mace ta tabbatar da ciki ta fara zuwa awo, kada ta jira ya fito. A zuwan farko ake gwajin HIV, a wurare da yawa tare da na tunjere, kuma sakamako yana fitowa cikin mintuna. Idan ya nuna babu, a sake gwadawa a watannin ƙarshe na ciki, a kuma sake lokacin shayarwa. Dalili shi ne macen da ta kamu sabon kamu tana da ciki ko tana goyo ita ce ta fi kowa hatsarin ba wa ɗanta, saboda a makonnin farko ƙwayar tana cika jini maƙil. Wannan ne ya sa gwajin mace ita kaɗai rabin aiki ne. Maigida ya je, idan akwai abokiyar zama ita ma ta je. Gwajin da aka yi kafin ɗaurin aure, irin wanda Kano ta mai da shi doka a 2024, yana da amfani, amma labarin ranar da aka yi shi kawai yake bayarwa.

Idan ya nuna akwai, a ranar ko cikin makon ake fara magani, ba a jiran komai. Ƙwaya ɗaya ce a rana, wadda aka fi sani da TLD, kyauta ce a asibitocin gwamnati a Najeriya da Nijar, kuma ba ta cutar da ciki. Wajen wata na takwas za a ɗebi jini a auna yawan ƙwayar cutar. Wannan sakamakon ne zai nuna wa ma’aikata irin kariyar da jariri zai buƙata, don haka ki tambaya, kada ki bari ya kwana a fayil.

Ga wanda ke ganin abin bai shafi yankinmu ba: ƙidayar da Najeriya ta yi a 2018 ta nuna kashi 1.4 cikin ɗari na ’yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, a Arewa maso Yamma kuma kashi 0.6. Adadin kamar kaɗan ne, amma a lissafa shi da yawan jama’ar Kano da Kaduna da Katsina da yawan haihuwarmu, za a ga ba ƙananan gidaje ba ne.

Mataki na 3: Ranar haihuwa

A haihu a asibiti. Na san mafi yawan matanmu a gida suke sauka, wasu don kunya, wasu don nisa, wasu don naƙudar dare, amma ga mai ɗauke da ƙwayar asibiti ya fi, domin a can ne za a kauce wa doguwar naƙuda da yanke-yanken da ba dole ba, a kuma fara ba jariri maganinsa nan take. Maganin ruwa ne mai suna Nevirapine, ana ɗiga masa a baki da sirinji marar allura sau ɗaya a rana har mako shida. Idan uwa ba ta daɗe da fara magani ba, ko awon jininta ya nuna ƙwayar na da yawa, ko sai a ɗakin haihuwa aka gano, ana haɗa masa da wani maganin kuma a tsawaita lokacin.

Idan haihuwa ta zo a gida, a kai jariri asibiti a ranar, in ya yi nisa kafin awa 72. Kada a ce sai an yi suna, kada a ce mai jego ba ta fita sai ta yi arba’in. Idan ita ba za ta iya fita ba, uban ko ’yar’uwarta su ɗauke shi da katin awonta. Mai hikima tun ciki na wata takwas take tambayar ma’aikata yadda za ta yi idan naƙuda ta kama ta a gida, domin wasu asibitocin suna ba da maganin jaririn a ajiye.

Mataki na 4: Shayarwa

Nan ne aka fi samun ruɗani, domin shawarar ta sauya. Shekarun baya ana cewa mai ɗauke da ƙwayar kada ta ba da nono. Sai aka ga a wuraren da ruwa ba shi da tsabta kuma gwangwanin madara ya fi ƙarfin aljihu, jariran da aka hana nono gudawa da tamowa suna kashe su fiye da yadda ƙanjamau zai yi. Yanzu abin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ma’aikatun lafiyarmu ke cewa shi ne: uwa ta riƙe maganinta kullum, ta ba da nono zalla wata shida, daga nan ta haɗa da abinci ta ci gaba da shayarwa aƙalla shekara guda, za ta iya kaiwa biyu. Abin da ke kare jariri ba hana nono ba ne, maganin da ke jinin uwa ne.

Nono zalla kuwa yana nufin zalla. Babu ruwa ko a watan Afrilu, domin mafi yawan nono ruwa ne. Babu zuma, babu man shanu, babu dauri, babu koko, babu madarar gwangwani a ce nonon bai isa ba. Hanjin jariri a watannin nan danye ne, kuma duk abin da aka ɗura masa ban da nono yana iya kawo gudawa ya raunata hanjin, ƙwayar ta samu ƙofa. Maganin asibiti da ɗigon rigakafi ba sa cikin wannan hani.

Wahalar ba a asibiti take ba, a tsakar gida take. Mai jego tana ɗaki, surukarta ta shigo da kofi ta ce, “Wannan yaron ƙishi yake ji, dubi leɓensa, ba ni shi nan.” Ba sai an tona asiri ba kafin a hana. Ya isa a ce, “Inna, ki yi haƙuri, a asibiti sun ce kada a ba shi komai sai nono har wata shida, haka suke faɗa wa kowace mai jego yanzu.” Gaskiya ce kuwa, kowa ake faɗa wa. Amma maganar ta fi nauyi idan daga bakin ɗanta ta fito, shi ya sa miji da ya san halin da ake ciki ya fi kowane magani sauƙaƙa wa mace wannan watannin. Kwalbar maganin jariri ma za a tambaya ta mece ce. Ku shirya amsarku tare tun kafin ’yan barka su cika gida.

Idan kan nono ya tsage yana jini, ko nono ɗaya ya kumbura ya yi zafi, a shayar da ɗayan, a tatse mai ciwon a zubar, a je asibiti. Idan bakin jariri ya yi fari-fari ko ya yi gyambo, shi ma a kai shi. Lokacin yaye kuma a yi shi sannu a hankali cikin kamar wata guda. Yayen dare ɗaya, a shafa wa nono ɗaci a kai yaro gidan kaka, ba ya dacewa a nan: nono yana sanƙarewa ya yi ciwo, yaro kuma ya ƙi abinci ya rame.

Mataki na 5: Gwajin jariri, da ranakun da ba a tsallakewa

Gwajin da ake yi wa manya da ɗigon jini a ɗan tsinke ba ƙwayar yake gani ba, sojojin da jiki ya ƙera don yaƙar ta yake gani. Jariri yana zuwa duniya da sojojin uwarsa a jininsa, kuma suna iya kaiwa wata 18 ba su gushe ba. Don haka idan aka yi wa ɗan wata uku irin wannan gwajin ya nuna akwai, abin da ya tabbatar kawai shi ne uwarsa na da ita. Iyaye da yawa sun yi kukan banza a kan wannan.

Gwajin jarirai daban ne, ana kiransa PCR, shi ƙwayar kanta yake nema. Ma’aikaciya za ta ɗumama dugadugin jaririn da tafin hannunta, ta goge, ta ɗan soka, ta ɗiga jini a kan wasu da’irori da ke jikin wata takarda mai kauri har su cika, ta ajiye ta bushe, sannan a aika ɗakin gwaji. Wasu asibitocin suna da na’urar da ke ba da sakamako a ranar, wasu sai an jira makonni. Ki bar lambar wayar da ke aiki, ki kuma tambayi ranar da za ki dawo. Idan ranar ta zo aka ce bai fito ba, ki sake komawa. Shiru ba ya nufin lafiya.

Ranakun su ne: mako shida da haihuwa, wanda ya yi daidai da ranar allurar rigakafi, don haka tafiya ɗaya ta wadatar, wasu wuraren suna ƙara wani tun ranar haihuwa. Sai wata tara. Sai na ƙarshe a wata 18, ko wata uku bayan an daina ba shi nono gaba ɗaya, duk wanda ya zo daga baya. Kafin wannan na ƙarshen ba a cewa yaro ya tsira, domin muddin yana shan nono ƙofa ba ta rufe ba. Iyaye da yawa da sun ji sakamakon mako shida ya yi kyau sai su yi hamdala su ɓace, kuma a cikin irin waɗannan yaran ne ake tsintar masu ciwo a shekara biyu ko uku.

Daga mako shida kuma ana fara ba jariri maganin Septrin kullum har sai an tabbatar ba shi da ita. Yana kare shi daga wani mugun ciwon huhu da ke kashe jarirai masu ƙwayar, yana kuma rage gudawa da zazzaɓi.

Mataki na 6: Yaran da suka wuce jarirai ba a taɓa gwada su ba

Duk ranar da aka gano uwa na ɗauke da ita, a gwada ’ya’yanta duka, har wanda ya shiga sakandare, ko da ƙalau yake. Wasu yaran ƙwayar tana tafiya a hankali a jikinsu, su kai shekara goma ko fiye ba wanda ya lura, sai dai a ce yaron ƙanƙane ne ko mai laulayi. Haka marayan da aka ɗauko riƙo bayan uwarsa ta rasu da doguwar jinya.

Abubuwan da ya kamata su sa a nemi gwaji: rama ko tamowar da ba ta jin abinci, gudawar da ta wuce mako biyu, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, farin abu a harshe da kumatu bayan yaro ya wuce jariri, kunne mai zubar da ruwa ba ya warkewa, kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, kumburin gefen kumatu biyu marar zafi, ciwon huhu a kai a kai, tarin fuka, ƙuraje masu naci, da jinkirin zama ko tafiya ko magana. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya tabbatar da komai, gwaji ne ke tabbatarwa. Amma yaron da aka yi ta zagaye da shi daga kemis zuwa mai maganin shawara da na mayu wata da watanni, gwajin minti ashirin ne ya kamata a fara yi masa.

Mataki na 7: Idan an tabbatar, a fara magani nan take

Ba a jiran yaro ya ƙara girma, ba a jiran ya kwanta. Wani bincike da aka yi a Afirka ta Kudu aka wallafa a 2008 ya nuna fara magani da wuri yana rage mutuwar jarirai da kashi 76 cikin ɗari, kuma daga nan ne aka daina jira. Za a sake ɗibar jini don tabbatarwa, amma ba a dakatar da magani don jiran wannan sakamakon.

Wanda ya san maganin yara na da, mai ɗacin tsiya da sai an ajiye a firji, zai san an samu sauƙi. Tun wajen 2021 aka fara raba Dolutegravir na yara a Najeriya, ƙwaya mai narkewa a ruwa mai ɗan zaƙi, ana ba wa jariri daga mako huɗu idan ya kai kilo uku, tare da wata ƙwayar mai haɗin Abacavir da Lamivudine. Sau ɗaya ne a rana. Ga yadda ake yi: a zuba ruwa mai tsabta cokali biyu ko uku a ƙaramin kofi, gwargwadon yadda aka nuna miki a asibiti, a jefa ƙwayoyin, a jujjuya har su narke ba gudaji, a ba shi ya shanye kafin rabin awa. Sai a ƙara ɗan ruwa a ɗauraye kofin a sake ba shi, domin abin da ya maƙale a gindin kofi shi ma magani ne. Jariri kuma da sirinji ake ba shi ta gefen kumatu kaɗan-kaɗan, ba a tsakiyar harshe ba, kada ya shaƙe.

Nauyin yaro ne ke yanke yawan maganin, ba shekarunsa ba. Ana ƙarawa idan ya kai kilo 6, da 10, da 14, da 20, da 25, a kilo 30 kuma yana iya komawa irin na manya. Saboda haka a riƙa zuwa da yaron kansa a ɗora shi a sikeli. Aiken wani ya karɓo magani da kati wata bayan wata yana sa yaro ya girma ya bar maganinsa a baya, ƙwayar ta samu sarari ta saba da shi. Kada kuma a ɓantari na uwa a ba ɗa, ko a raba na wa da ƙani.

A zaɓi lokaci ɗaya a manne masa wani abu da ba ya tashi a gidan, kamar bayan sallar asuba ko bayan isha’i. Idan an manta, a ba shi da an tuna, sai dai idan lokacin na gaba ya kusa, to kada a haɗa biyu. Idan ya yi amai kafin rabin awa, a sake ba shi. Idan ana ba shi maganin ƙarin jini ko na ƙarin ƙwarin ƙashi, a faɗa wa likita, domin suna iya hana Dolutegravir shiga jiki idan ba a tsara lokacinsu ba. Idan aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka, ana ƙara yawan Dolutegravir ɗin, don haka masu ba da maganin tarin da masu ba da na ƙanjamau kowa ya san da ɗayan. Ƙuraje da zazzaɓi a makonnin farko, ko idanu su yi rawaya, ko tafin hannu ya yi fari fat, a koma asibiti a ranar.

A ganina abin da ya fi komai muhimmanci a wannan matakin shi ne a samu babba na biyu da ya sani. Uwa za ta yi rashin lafiya, za ta haihu, za ta tafi biki ko ta’aziyya, aure ma yana iya mutuwa a bar yaro a hannun uba ko kaka. Yaron da mutum ɗaya tak ya san sirrinsa, ranar da mutumin ya gusa maganinsa ya tsaya. A zaɓi mai riƙon amana, a kai shi asibiti a koya masa da hannunsa. A kuma riƙa karɓo sabon magani tun da sauran na mako guda, musamman da damina ko inda hanya ba ta da tsaro. Tangal-tangal ɗin da aka gani a farkon 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, ya isa ya koya wa kowa kada ya jira kwalba ta ƙare.

Bayan wata shida da fara magani za a auna yawan ƙwayar a jini, a sake a wata 12, a ci gaba lokaci-lokaci. Abin nema shi ne ta yi ƙasa har na’ura ta kasa ganinta. Idan ta haura 1,000 a kowane mililita na jini, yawanci ana tsallake sha ne ko maganin ya yi wa nauyinsa kaɗan. A faɗa wa ma’aikata gaskiya, ba kotu ba ce. Idan kuma aka ce ba a ganinta, ba warkewa ba ce, tana nan a ɓoye, kuma da an daina sha za ta dawo cikin makonni. Addu’a da magani ba sa karo, amma duk mai maganin da ya ce a ajiye na asibiti ya warkar da yaro, a bar wurinsa.

Mataki na 8: Abinci, rigakafi da tarin fuka

Yaro mai ƙwayar yana buƙatar abinci fiye da tsaransa ko da lafiyarsa ƙalau, idan yana ramewa kuma buƙatar tana iya ninkawa. Ba sai na kanti ba: kunun gyaɗa mai kauri, wake, awara, ƙwai, kifi, zogale, alayyafo, manja a miya, gwanda da mangwaro, a ƙara masa ci ɗaya ko biyu tsakanin na gida. Ruwan sha a tafasa, ya kwana a gidan sauro, a karɓi maganin zazzaɓin damina idan ana rabawa, amma a sanar da masu rabon idan yana shan Septrin, domin ba a haɗa su.

Rigakafi a yi masa duka bisa kati. Amma allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka, ana ɗaga ta ga jaririn da aka riga aka tabbatar yana da ƙwayar ko yake nuna alamun ciwo, har sai magani ya kama jikinsa. Tarin fuka shi ne babban abokin gaba: idan akwai mai tari a gidan a faɗa, kuma akwai maganin kariya na wasu watanni da ake ba yaran da aka tabbatar ba su da shi.

Mataki na 9: Faɗa wa yaro

Wata rana zai tambaya, “Umma, me ya sa ni kaɗai nake shan magani, Yaya ba ya sha?” Kada a ce masa na sikila ne ko na basir. Ƙaryar da aka yi masa yana ɗan shida ita zai tuna yana ɗan sha huɗu, kuma a lokacin ne yara ke zubar da magani a masai don fushi. A fara da gaskiyar da zai iya ɗauka: akwai wata ƙwayar cuta a jininka, maganin nan ne ke sa ta barci don ka yi ƙarfi ka je makaranta. Yana girma ana ƙara masa bayani, har a kira cutar da sunanta kafin ya wuce shekara 12, kafin balaga, kafin ya karanta jikin kwalba da kansa ko ya ji a bakin wani a waje.

Ranar faɗar a zaɓi lokacin da yake lafiya, ba ranar faɗa ko jinya ba, a wuri mai sirri, daga bakin wanda ya fi yarda da shi. Idan uwa tana jin ba za ta iya ba, ma’aikatan asibiti sun saba, za su zauna tare. Zai tambaya ko zai mutu, ko zai yi aure, ko daga ina ya samu. Amsar biyun farko a bayyane take: masu shan magani suna girma, su yi karatu, su yi aure, su haifi ’ya’ya marasa ƙwayar, kuma wanda maganin ya danne masa ita har ba a ganinta ba ya sa wa matarsa ko mijinta. Ta ukun ita ce mai nauyi ga uwa, gara ta shirya mata tun da wuri. Bayan an faɗa a sa masa ido na wasu makonni, wani yakan yi shiru, wani ya daina cin abinci, wani ya yi ta tambaya ɗaya.

Makaranta ba dole ba ne ta sani, kuma a Najeriya dokar hana tsangwama ta 2014 ta haramta korar yaro ko ƙin ɗaukarsa saboda wannan. Amma idan makarantar kwana ce, a samu ma’aikaciyar jinya ko malami ɗaya mai amana da zai ajiye maganin, a kuma karɓo na zangon karatu gaba ɗaya. Tura irin wannan yaro almajiranci wani gari, inda ba mai kula da shan maganinsa da cin abincinsa, ganganci ne. Ya yi karatun allonsa a gaban iyayensa. Idan ya fara azumi, tun da sau ɗaya ake sha, a shawarci likita a mai da lokacin bayan buɗa-baki ko sahur tun kafin watan ya kama. Manyan asibitoci da yawa suna da ranar matasa ta daban, inda yake haɗuwa da tsaransa masu irin lalurarsa, kuma daga nan ake koya masa karɓar maganinsa da riƙe katinsa da kansa kafin a mai da shi ɓangaren manya.